Ranar Da Na Tsallake Saƙon Faskal

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin baffanku Alhaji Sani yana faɗa a tsakar gidanmu na Jambutu cewa taurin kaina ne ya raba ni da aiki, wai na ɗauki dala ba gammo saboda wani mutumin dutse da ba dangin iya ba na baba. Na ƙyale shi shekara da shekaru don yayan ubanku ne. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma gwiwoyina sun fara aiko mini da sammaci, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Zan rubuta muku yadda aka yi, laifin kowa a gaban sunansa, har da nawa. Kada ku sa ran zan sassauta, don har yau in na tuna shekarar nan sai in ji tuwo ya fita raina.

Wani shiri ne na Turawa masu ba da taimako ya buɗe ofishin yaƙi da gobarar daji a nan Garuwa, da ƙananan ofisoshi huɗu can kudu da Binuwai, inda ciyawa kan fi mutum tsayi bayan damina. Ni ce mai zaman rediyo, irin ta kira a amsa, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa oba-oba. Da manoma sun tsince auduga sun tara ta tsibi-tsibi a gonaki suna jiran motocin kamfani, to lokacin ne ko alwala ba na iya yi cikin kwanciyar hankali. Makiyayi ya yar da guntun taba, mafarauci ya kunna wa gafiya wuta a rami, shi ke nan daji ya kama. Sai ka ji akwatin ya yi ƙara: Garuwa, Garuwa, kina ji na? In ce ina ji. In rubuta sunan mai kira da lokaci a littafi, in leƙa taga in ƙwala wa Bappa Hamajoda direban motar ruwa kira, kafin in koma kujera ya tashi inji. In kuwa ban amsa ba, mai kira ba zai gaji ba, zai yi ta kira har mai shara ma ta zo ta ɗauka. Murya ba ta barin mutum ya yi kamar bai ji ba.

A cikin masu kirana babu wanda na saba da shi kamar Faskal, mai gadin ofishin da ya fi kowanne nisa, a wani ƙauye da direbobi suka laƙa wa suna Tsamiya Biyu. Mutanensa kiristoci ne da suka sauko daga duwatsun arewa neman ƙasar noman auduga, shi ne kaɗai a cikinsu da ya yi boko mai ɗan zurfi. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji, wuta ma a bakinsa "ya zo" take. Fiye da shekara goma muna magana kullum, amma ganin ido da ido bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Zumar nan baƙa da kuke lashewa kuna yara, har Maryam ta taɓa fasa kwalbar ta ɗora wa kyanwa, shi ne yake aiko mini da ita ta hannun Bappa Hamajoda. Mutum ne mai bin doka har abin ya zama masa ciwo. In ka ce masa tsaya nan, ko ruwan sama ake da ƙanƙara nan za ka dawo ka same shi.

Sai aka kawo mana sabon shugaba. Ba zan rubuta sunansa ba, 'ya'yansa suna nan cikin garin nan kuma ba su yi mini komai ba, Shef muke ce masa, Shef zan ci gaba da ce masa. Kada kuma wani ya ce muku baƙo ne daga kudu. Ɗan unguwarmu ne, na san uwarsa, na ci tuwon sunan ƙannensa. Ya je kwas ƙasar Turawa ya dawo da kwamfuta a jaka da wani irin tafiya kamar ƙasa na bin sa bashin gaisuwa. Bai yi wata guda ba ya tara mu, ya ce zamanin ihu a rediyo ya wuce. An kafa wa kowane ofishi farantin intanet a rufi da wutar hasken rana, don ko wayar hannu ba ta kamawa a dazukan nan. Duk ofisoshin biyar za su yi amfani da akwatin imel guda ɗaya, kalmar sirri guda ɗaya, wadda ya rubuta a takarda ya manna a bango, sirrin ke nan. Sabon saƙo kan fito da baƙin rubutu mai kauri, da an buɗe shi sai ya koɗe. Dokarsa kuwa gajera ce: wanda ya buɗe, shi ya ɗauka, sauran su bar masa.

Na ɗaga hannu na ce, "Shef, in mutum ya buɗe bai karanta ba fa?"

Ya ce, "Madam Dija, wane ne zai buɗe saƙo bai karanta ba? Ke dai ki ce kina tsoron ordinatar, kwamfutar nan, sai mu koya miki a hankali."

Aka yi dariya. Na haɗiye, na ce, "To a bar mana rediyon a gefe, ko don ɓacin rana."

"Turawa sun kashe dukiya a kan intanet. Su zo su tarar da wannan tsohuwar akwatin tana kuka, su ce ba ma amfani da kayansu? Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Da ke kaɗai ke ji, yanzu ofis biyar ke gani."

Ni dai na san a gidan biki tukunyar da mata biyar ke tsaye a kanta, ko gishiri ya yi yawa ko a manta da shi. Aka kwashe rediyoyin aka zuba a kwali aka kulle a sito. Kwamfutar da ya ce ina tsoro kuwa, cikin sati biyu na fi mazan ofishin iya ta, ni suke kira in ta tsaya musu.

Akwai doka ta biyu, ita ce ta fi muni. Tun kaka da kakanni, in mutanen ƙauye suka ga babbar wuta ta doso su, sukan je bakin rafi ko hanya su kunna tasu, ta ci ciyawa ta nufi waccan, in suka haɗu sai duk su mutu don ba abin ci. Wutar tare suke ce mata. Shef ya ce da wannan dabarar ce masu farauta ke fakewa suna ƙone daji. Daga ranar, ba mai kunna wutar tare sai an rubuto an nemi izini ta akwatin nan, an kuma amsa a rubuce. Wanda ya kunna ba izini jandarma ne za su zo masa, mai gadin wurin kuma a bakin aikinsa. Mutumin da bai taɓa jin zafin wutar daji a fuskarsa ba, shi ne ya zauna ƙarƙashin fanka yana tsara wa manoma lokacin da za su ceci rumbunansu.

Kafin wata biyu akwatin ya koma kasuwar ƙauye. Gaisuwar sallah, katin biki, addu'ar nan ta tura wa mutum goma ka ga buɗi, hotunan Shef yana gaisawa da manya. Saƙon wuta kuma dole kowanne ya zo da kai iri ɗaya, "Rahoton wuta", ko ɗan ƙunar shara ce a bayan ofis ko daji ne gaba ɗaya ya tashi. Wata Litinin na ga irin wannan saƙo an riga an buɗe, zuciyata ba ta kwanta ba, na karanta na tura Bappa Hamajoda. Ashe ofishin da ke kan hanyar Ngawundere su suka buɗe, sun tura tasu ƙaramar motar. Motoci biyu suka haɗu a kan wutar da mata suka riga suka kashe da ganye. Shef ya kira ni gaban kowa ya wanke ni tas, ya ba ni takardar gargaɗi a kan ɓarnar man mota, ya ce in na sake taɓa saƙon da ba ni na buɗe ba, in nemi wani aikin. Ina da jika a lokacin, yaron da na ga ana goya shi ne yake nuna ni da biro.

Ranar Alhamis ta wannan satin Shef yana Ngawundere wurin taro da Turawan a otal. Na tashi na yi azahar a sito, na ci ɗan wake da shinkafar da na zo da shi, na dawo na zauna. Babu baƙin rubutu ko ɗaya. Na bi jerin da ido, sai na ga sunan Faskal, "Rahoton wuta", a koɗe. Ku karanta wannan da kyau, don shi ne abin da baffanku bai taɓa sani ba, da ya sani da ya ji daɗi. Na ga sunan. Hannuna yana kan ɗan ɓeran nan na kwamfuta, dannawa ɗaya ya rage. Sai na tuna Litinin, na tuna idanun mutane a kaina, na ce a raina ai na hanyar Ngawundere sun fi kusa da shi, su suka buɗe. Na ɗauke hannuna na shiga buga wata wasiƙar banza ta neman tayoyi. Ta taga ina hango Bappa Hamajoda yana gyangyaɗi a gindin darbejiya, motarsa cike da ruwa har baki.

Ana kiran la'asar wani saƙo ya shigo, baƙi ƙirin. Wannan karon Faskal bai yi Faransanci ba, bai bi tsarin Shef ba, da Hausarsa ya rubuto: "Madam Dija, don Allah me ya sa ba wanda ya amsa? Wuta ya shiga gari." Na koma na buɗe na farkon. Babbar wuta daga gabas, iska na kora ta, a ba su izinin kunna wutar tare a bakin rafi, a turo mota. Tun ina sito ina salla ya aiko shi. Na danna na buga shi a takarda ban ma san na yi ba, sabo da rubuta komai a littafin rediyo ne ya bi hannuna. Na fita da gudu ba mayafi ina ihu, Bappa Hamajoda ya tashi mota ba tare da jiran takardar mai ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya isa, ya zuba ruwansa a kan toka.

Shi ya ba ni labarin da ya dawo, yana yi yana share ido da hularsa. Mazan garin sun taru a bakin rafi da damin ciyawa a hannu, ashana kawai za a ƙyasta. Faskal ya tsaya a gabansu yana roƙo su jira izini. Ya ruga ofis ya duba, ya rugo rafi, ya sake rugawa. Kawunsa, yayan uwarsa, wani dattijo mai suna Baba Zra, ya ce masa yaro kauce mu kunna, mun girmi dokar nan. Faskal ya durƙusa ya riƙe ƙafarsa ya ce jandarma za su kwashe su duka, su ƙara haƙuri kaɗan, Madam Dija ba ta taɓa barinsa ba amsa ba. Suna cikin haka iska ta ɗauko wutar ta tsallake rafin. Ta cinye audugar shekara, ta cinye rumbuna, ta cinye rabin ɗakunan garin. Baba Zra ya koma ya kwance awakinsa, jinkar ta rufto masa.

Wa ya buɗe saƙon? Na kira na hanyar Ngawundere, suka rantse ba su ba ne. Washegari Madam Solanj, sakatariyar Shef da ta raka shi taron, ta ja ni bayan ofis tana waige-waige. Ta ce Shef ya haska akwatinmu a jikin bango don Turawa su ga aiki. Yana cikin bayani saƙon Faskal ya faɗo. Ya danna shi ya ce, kun gani, daga tsakiyar daji cikin ƙiftawar ido. Aka yi tafi. Ya rufe ya wuce hoto na gaba, daga nan aka tafi cin abinci. Zaure cike da masu digiri, kowa ya iya Faransanci, kukan Faskal yana rubuce a bango da haruffa kamar tafin hannu, abin da suka iya yi masa shi ne tafi.

Da Shef ya dawo ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, har da ba ni kujera da lemo mai sanyi. Ya turo mini rahoton da ya riga ya rubuta. A ciki an ce mai gadin Tsamiya Biyu bai sanar a kan lokaci ba, saƙo ɗaya ya aiko, na la'asar, kuma ofishin Garuwa ya tura mota nan take. Na ce na farkon fa? Ya juyo mini da kwamfutarsa. An goge shi.

Ya ce, "Yaya Dija," ranar ce ta farko da ya tuna ni yayarsa ce, "ke ce kan aiki ranar, sa hannunki kawai ake buƙata. Rahoton nan ke ma ya wanke ki. Ki duba, har yaba miki na yi."

Na ce, "Shi kuma Faskal?"

"Za a sallame shi, zai koma gona. Su mutanen nan ba su damu da irin abin da ke damunmu ba. In maganar nan ta fita Turawa za su rufe shirin, gida nawa ne za su kwana da yunwa? Ki yi tunani."

Na ce zan yi tunani. Takardar da na buga tana ninke cikin jakata, ban nuna masa ba, lemonsa kuma na bar masa a kan tebur ko buɗewa ban yi ba.

Kafin in isa gida ashe ya riga ni aika gaisuwa wurin baffanku. Bayan la'asar Alhaji Sani ya shigo da babbar rigarsa, aka shimfiɗa masa darduma, ubanku Malam Sule yana gefe yana jan carbi kamar yadda ya saba in yayansa na magana.

Alhaji ya ce, "Dija, wanda ya mutu ya mutu. Sa hannunki ko rashinsa ba zai tashe shi ba. Shekara biyu ta rage miki ki yi ritaya da mutuncinki. Nasiru yana jami'a, da albashin wa? Yaron nan ɗan unguwa ne, ɗan musulmi, ki bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Yaya, shi ɗan musulmin ne ya ce in yi shaidar zur."

"Ki ji ta! Sule, kana ji matarka tana mini wa'azi?"

Da ya tafi na juya wurin ubanku na ce shi me ya gani. Kun san shi, maganarsa kamar ta saye ce.

Ya ce, "Abin da ke cikin takardar gaskiya ne?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To me kike tambayata?"

Duk da haka ban yanke ba, kada in yi muku ƙarya. Kwana uku ina juya abin, ina kallon hoton Nasiru da ke jikin madubi. A rana ta huɗu aka yi sallama a ƙofar gida da hantsi, aka ce wani ne yake neman Madam. Na fita na ga mutum a tsaye cikin rana, hannayensa biyu naɗe da tsumma, gashin girarsa babu. Sai da ya yi magana na gane shi, don muryar na sani. Motar auduga ya hau ya zo. Na yi na yi ya shigo zaure ya ƙi, ruwa kawai ya karɓa, da ƙyar ya iya riƙe kofin.

Ya ce, "Madam, aiki ya tafi, ba komai, ina da fartanya. Amma mutanen Shef sun gaya wa mai gari wai ban aika komai ba. Yanzu garin duka suna cewa ƙarya na yi musu a bakin rafi. Matar kawuna ya ce ni na kashe mijinta. Sun hana ni zama wurin makoki. Uwata in ya gan ni sai ya juya baya. Madam, ke kin san na aika, ko?"

Bai tambaye ni me ya sa ban amsa ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce masa na sani, kuma ina da shaida.

Na ƙi sa hannu a rahoton Shef, maganar ta fita, Turawan suka sa aka turo kwamiti daga Yawunde, mutum uku da kwat. Na shiga na ajiye musu takardar, da lokacin da aka aiko ta a rubuce a sama. Na faɗi zancen otal, na faɗi zancen gogewa, na faɗi yadda aka kulle rediyo a sito. Duk wannan suna zaune biro a ajiye, ɗayansu yana duba agogo. Madam Solanj da aka kira ta ce ba ta tuna komai ba, ban kuma riƙe ta ba, marayu take ciyarwa. Sai babbansu ya ce, ke kuma ina kike tsakanin azahar da la'asar? Na ce ina kan kujerata, na ga saƙon a koɗe na tsallake shi saboda dokar da aka kafa mini. Nan take birori uku suka tashi aiki kamar an busa musu usur. Na ba su gaskiya buhu guda, suka zaɓi ƙwayar da za su rataye ni da ita suka zubar da sauran.

Sakamako bai daɗe ba. Ni an kore ni saboda sakaci, ba fansho ba komai. Faskal an janye zancen bai aika ba, amma an kore shi duk da haka, ku ji dalili: wai bai yi amfani da hankalinsa ya bari an kunna wutar tare ba. Wutar da suka ce in ya bari aka kunna jandarma ne! Shef kuwa an ce tsarinsa ba shi da aibu, ma'aikata ne ba su fahimce shi ba, aka ƙara masa girma aka mai da shi Yawunde ya koya wa wasu. Masu cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ba su ga ta Shef ba, tasa har jikoki ta yi. Nasiru, kai ka biya mafi tsada. Ka kwaso littattafanka daga Ngawundere ka zauna a rumfar atamfar ubanka kana auna yadi, ba ka taɓa ce mini uffan ba, kuma shirun nan naka ya fi duk surutun baffanka yi mini ciwo.

Amma takardar kwamiti a Yawunde ta tsaya, ba wanda ya kai ta Tsamiya Biyu. A can Faskal yana nan a maƙaryaci, yana kwana a wata bukka bayan gari. Na ce wa ubanku zan je. Washegari ya bar rumfa a rufe, ya nemo mana wuri a gaban wata motar kaya. Mun isa da rana tsaka ranar da suke taron ƙarshen makoki. Ƙasa baƙa har iyakar ganinka, rumbuna sun tsaya ba kai, warin ƙuna bai gama fita ba. Mutane suna zaune a ƙarƙashin rumfar zana sabuwa, Faskal yana can nesa a tsugune shi kaɗai. Na gaida mai gari na ce ni ce Madam Dija ta Garuwa. Sai duk suka juyo gare ni, ashe sun san sunan.

Na miƙa wa malamin cocinsu kwafin saƙon Faskal na farko da na buga. Ya karanta da Faransanci, ya juya musu da yarensu, ya nuna wa dattawa lokacin da ke rubuce. Na ce da Hausa, yadda kowa zai ji, Faskal ya aika tun wuta tana nesa, ya nemi izini, ya nemi mota, bai yi musu ƙarya ko ɗaya ba. Wata tsohuwa da aka aske wa kai, tana zaune a tsakiyar mata, ta ɗago. Inna Masi ce, matar Baba Zra. Ta yi shekaru tana sayar da gyaɗa a tasha, Hausarta ta fi ta Faskal.

Ta ce, "Takardar ta iso wurinki kafin wuta ta shigo?"

Na ce, "Ta iso, Inna. Na ga sunansa."

"Kin iya karatu?"

"Na iya."

"Mota tana nan?"

"Tana nan, da ruwanta."

"To me ya hana ki?"

Zan iya cewa Shef, zan iya cewa otal da tafi da doka, duk gaskiya ne, kuma a hanya na tsara su a bakina. Amma ba wannan ta tambaya ba.

Na ce, "An taɓa yi mini faɗa a kan man mota. Na ji tsoron a sake."

Sai ta juya ta kira Faskal da wani suna na gida da ban taɓa ji ba. Ya taso yana tafiya kamar mai koyon tsayuwa. Ta matsa ta ba shi gefen tabarmarta, ta ɗauki ƙwaryar da ke gabanta ta kai masa baki da hannunta, don nasa hannayen ba su warke ba. Wata mata a bayanta ta fashe da kuka ta rarrafo ta riƙe wuyansa, na san uwarsa ce. Ni ba a ba ni ruwa ba, ba a ce in zauna ba.

Inna Masi ta ce, "Kin dawo mini da ɗa, na gode. Mijina kuma kin bar shi ya ƙone don kada a yi miki faɗa. Ki tafi gida. Ban yafe ba."

Ubanku ya kama gefen mayafina muka juya. Duk shekara in Faskal ya shigo Garuwa sayen iri nakan tambaye shi ko ta sauko, sai ya sunkuyar da kai ya ce tukuna. Haka har shekarar da ya zo ya ce an binne ta. Na yi fushi da Shef, na yi da kwamiti, na yi da baffanku har ya shiga kabari, amma tsohuwar nan ko na rana ɗaya ban taɓa jin haushinta ba.